Santorini ko Kirit: ina zan kai iyalina hutun kwana goma a ƙasar Girka?

Tambaya: Na samu bizar shiga Turai, kuma ina da hutun kwana goma a watan Satumba. Zan tafi da maiɗakina da yaranmu biyu, babban yana da shekara 16, ƙaramar 12. Duk wanda na tambaya Santorini yake ce mini, amma wani abokin aikina ya ce tsibirin Kirit ya fi. Me ke can da ya isa mutum ya kashe kuɗinsa? Kuma yaya Musulmi zai yi da abinci?

Amsa: Malam, abokin aikinka bai yaudare ka ba. Na zauna a Kirit shekara biyu ina karatun noma a garin Haniya, bayan na gama kuma na koma sau da yawa, don haka abin da zan faɗa maka abin da ƙafata ta taka ne.

Santorini tana da kyau, ba wanda zai musa. Fararen gidaje a bakin tsauni, ƙubbobi masu shuɗin fenti, rana tana faɗawa cikin teku. Amma ɗan ƙaramin tsibiri ne, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 80 ba, a kwana biyu ka gama da shi, sauran kwanakin sai cunkoso da tsada. Kirit kuwa, wanda masu shi ke kira Kriti, ƙasa ce guda. Shi ne mafi girma a tsibiran Girka, na biyar a duk Bahar Rum. Tsawonsa daga gabas zuwa yamma kimanin kilomita 260 ne, mutanensa sun haura 600,000, kuma manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa waɗanda ko baƙi sun zo ko ba su zo ba rayuwarsu tana tafiya. Wannan shi ne babban bambancin. Idan Hajiya ta matsa sai ta ga Santorini, daga tashar Irakliyo, babban birnin Kirit, jirgin ruwa mai gudu yana kai mutum cikin kamar awa biyu, ku je da safe ku dawo da yamma.

Kuskuren da na ga mutane sun fi yi shi ne su ce sai sun zaga tsibirin duka. Sauri kan haifi nawa. A taswira wuri yakan yi kamar kusa, amma tsakiyar Kirit duwatsu ne, hanya tana nannaɗewa kamar maciji, kilomita 70 sai ta cinye maka awa biyu. Ku yada zango a yamma, a Haniya ko Retimno, ku ware kwana biyu kawai don Irakliyo da kufan da ke kusa da ita. Gabas ku bar ta sai wata shekara in Allah ya kai mu.

Duwatsun nan su ne zuciyar wurin. Mafi tsawo, Psiloritis, ya kai mita 2,456, Fararen Duwatsu da ke bayan Haniya kuma sun kai mita 2,453. Da sanyi dusar ƙanƙara takan rufe su, har cikin watan Afrilu kana tsaye a bakin teku cikin 'yar riga kana hangen kawunansu fari fat. Ruwan da ke gangarowa daga gare su ne ya tsattsaga ƙasar ya yi kwazazzabai, wanda ya fi suna shi ne Samariya. Ana shiga daga sama, daga wani wuri mai tsayin kimanin mita 1,230, a yi ta gangara kilomita 16 har bakin teku a ƙauyen Agiya Rumeli, inda ba titin mota, sai dai jirgin ruwa ya kwashe ku. Akwai wani wuri can ciki da suke kira Ƙofofi, inda bangon dutse na dama da na hagu suka matso har tsakaninsu bai fi mita uku zuwa huɗu ba, sama kuwa sun tashi kusan mita 300. Idan ka tsaya a wurin ka ɗaga kai, sararin sama ya koma kamar zare, ƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙafarka, iska mai sanyi tana bi ta tsakani, ba abin da ke zuwa bakinka sai tasbihi. A nan ne kuma ake ganin akuyar daji ta tsibirin, kiri-kiri, mai dogayen ƙahoni. Sai dai in gaya maka gaskiya, tafiyar awa biyar zuwa bakwai ce a kan duwatsu, kuma gangara ta fi hawa cin gwiwa. Babban yaronka zai iya. Ƙaramar da mahaifiyarta, in ba su saba doguwar tafiya ba, ku kai su kwazazzabon Imbros, kilomita 8 ne, ya fi sauƙi, kyan kuma bai ragu sosai ba. Takalmi mai ƙarfi wajibi ne, silifa ba ta shiga can.

Bakin teku ba sai na daɗe a kai ba, hotunansa sun cika intanet. Elafonisi yashinta yana da ja-ja saboda garin ɓawon ƙananan halittun ruwa, ruwanta kuma bai da zurfi, yara za su iya shiga. Balos ana zuwa ta jirgin ruwa daga Kisamos. Abin da ya kamata ka sani a matsayinka na mai iyali shi ne shigar masu wanka irin ta Turawa ce, a wasu lungunan kudu ma akwai masu wanka ba komai. Ku je da sassafe, kafin ƙarfe goma, lokacin wurin kusan naku ne ku kaɗai. A bakin tekun Firebeli da na Vai za ku ga dajin dabino har bakin ruwa, nau'in dabino ne na tsibirin, 'ya'yansa ba su ciyuwa kamar namu. Daga gaɓar kudu zuwa Libiya kimanin kilomita 300 ne kawai, shi ya sa tekun wajen ake kiransa Tekun Libiya, kuma wani lokaci iska kan ɗebo ƙurar Sahara ta rufe garin har sama ta yi jawur. Ranar da na fara ganin haka, mutanen gari suna rufe tagogi, ni kuwa sai na ji kamar hunturun gida ne ya biyo ni.

Tarihi kuwa, nan ne yara za su ƙaru. Kowace al'umma da ta mulki tsibirin ta ɗora gininta a kan na wadda ta gabace ta, kuma duka suna nan a tsaye. Kilomita biyar kudu da Irakliyo akwai Kinosos, fadar mutanen da ake kira Minowa, waɗanda suka fara gina manyan fadoji tun wajen shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani ɗan garin mai suna Minos Kalokairinos ne ya fara tona wurin a 1878, sannan Baturen Ingila Arthur Evans ya kama aikin gadan-gadan daga 1900. Evans ya sake gina wasu sassa da siminti ya shafa musu fenti bisa yadda yake zaton suke, masana har yau suna sukarsa a kan haka, don haka jajayen ginshiƙan da za ka gani ka san hannunsa na ciki. Ni abin da ya fi tsayar da ni ba zanen bango ba ne. Rumbunan ne: dogayen ɗakuna jere, cike da randunan ƙasa waɗanda wasu sun kai tsayin mutum, na ajiye mai da hatsi. Da bututun yumɓu na jan ruwa, da magudanan da aka shimfiɗa a ƙarƙashin dabe. Duk wanda ya san darajar rumbu zai gane cewa mulkin mutanen nan a kan ajiya da rabo ya tsayu. An samu rubutu iri uku a wurin, ɗaya wani Bature mai suna Michael Ventris ya warware shi a 1952 aka gano tsohon Girkanci ne, sauran biyun kuwa har yau ba wanda ya iya karanta su. A 2025 hukumar UNESCO ta sa Kinosos da wasu fadoji biyar na tsibirin cikin kayan tarihin duniya. Ku isa da buɗe ƙofa don rana da layi, daga nan ku wuce gidan tarihi na Irakliyo, domin ainihin kayan can aka kai su.

Ga abin da yawancin masu yi wa baƙi jagora ke tsallakewa. Sunan da Irakliyo ta yi ɗaruruwan shekaru da shi daga Larabci ya fito. A shekara ta 818 mutanen wata unguwa a Ƙurɗuba ta Andalus suka yi wa sarkinsu Alhakam bore, ya kore su. Suka zauna a Iskandariyya ta Masar, daga can a cikin shekarun 820 suka hau jirage ƙarƙashin Abu Hafs Umar suka ci Kirit. Suka gina gari suka kewaye shi da gwalalo, suka kira shi Rabdul Khandaƙ, kalmar nan dai da muka sani a Yaƙin Khandaƙ. Girkawa suka mai da ita Handaks, mutanen Benis ta Italiya suka mai da ita Kandiya. Masarautar ta yi sama da shekara 130, sai a 961 Rumawan gabas suka ƙwace ta. Bayan su mutanen Benis suka riƙe tsibirin fiye da shekara 400, su ne suka gina ganuwar Irakliyo da tashar jiragen Haniya da katafaren sansanin Retimno. Turkawan Santambul suka sauka a 1645, amma Kandiya sai da suka yi mata ƙawanya shekara 21, daga 1648 zuwa 1669, kafin ta faɗi.

Idan ka tsaya a tashar Haniya da yamma za ka ga wannan duka a kallo ɗaya. Ga rumfunan dutse inda mutanen Benis ke gyaran jirage, ga hasumiyar fitila da Misirawa suka sake ginawa lokacin da Muhammad Ali na Masar ya riƙe tsibirin daga 1830 zuwa 1840, ga masallaci mai ƙubba a bakin ruwa wanda aka gina bayan zuwan Turkawa. Ba a salla a cikinsa yanzu, ɗakin baje kolin zane ne. Cikin gari a unguwar Siplanjiya akwai coci mai hasumiyar ƙararrawa a gefe ɗaya da hasumiyar kiran salla a ɗaya gefen. A Retimno masallacin Neraje da doguwar hasumiyarsa ya koma makarantar kiɗa. Musulmin Kirit yawancinsu 'yan ƙasa ne da suka musulunta, Girkanci suke yi. Wasu sun fara ficewa a ƙarshen ƙarni na 19 zuwa Siriya da Lebanon da Libiya, a garin Hamidiyya na Siriya har yau akwai masu jin harshen tsibirin. Sauran aka kwashe su zuwa Turkiyya bayan yarjejeniyar musayar jama'a ta 1923. Abin yakan sosa zuciya. Amma kafin ka yanke hukunci ka je gidan ibadar Arkadi kusa da Retimno, inda a watan Nuwamba na 1866 ɗaruruwan Kiristoci, yawanci mata da yara, suka mutu lokacin da aka cinna wa rumbun albarushi wuta don kada su faɗa hannun sojan Turkiyya. Su ma suna da nasu tabon, kuma ba su manta ba. Tsibirin ya haɗe da Girka a 1913. A ranar 20 ga Mayun 1941 sojojin laima na Jamus suka sauko masa, mutanen ƙauye suka tare su da tsofaffin bindigogi da kayan noma, Jamusawa suka rama da ƙone ƙauyuka irin su Kandanos, daga baya a 1944 suka ƙone Anogiya.

Akwai wuri ɗaya da nake roƙonka ka kai yaranka. Gabas da tsohuwar ganuwar Haniya akwai unguwar Kum Kapi, yanzu gidajen shan shayi ne jere a bakin ruwa. A ƙarni na 19 nan ne baƙaƙen fata suka kafa bukkokinsu a kan yashi, wasu bayi ne da aka 'yanta, wasu 'yan ci-rani, sun zo ta Masar da gaɓar Libiya, suna dako a tashar jirage. Mutanen gari na kiransu Halikutes. Bangazi da Tarabulus kuwa su ne ƙarshen hanyoyin Sahara da suka taso daga Wadai da Borno da Kano. Na sha zama a wurin da magariba ina tunanin waɗanda suka riga ni zuwa, da ƙafa da sarƙa.

To, abinci. A ganina shi ne babban dalilin zuwa Kirit, kuma Musulmi zai ci ya ƙoshi in ya san abin da zai tambaya. Girkinsu a kan man zaitun ya ginu, ba ɗigawa suke ba, zubawa suke. A 1960 masu bincike ƙarƙashin Ba'amurke Ancel Keys suka fara bin lafiyar mazan wasu ƙauyukan tsibirin suna kwatanta su da na wasu ƙasashe shida, suka tarar ciwon zuciya ya fi ƙaranci a cikinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ganye, wake, sha'ir, man zaitun, nama sai ranar biki, ga aikin gona da hawan dutse kullum. Jikokinsu na birni sun canza ci, amma a ƙauye tukunyar tana nan.

Wata rana a lokacin girbin zaitun, wanda ake yi daga Nuwamba zuwa Janairu, mun wuni a wata gona muna shimfiɗa raga a ƙarƙashin itatuwa ana kakkaɓe 'ya'yan da sanda mai inji. Da azahar matar mai gonar, tsohuwa cikin baƙaƙen kaya da ɗankwali, ta ɗauko busasshen burodin sha'ir mai tauri kamar dutse, wanda suke kira paksimadi. Ta ɗan yayyafa masa ruwa, ta goga nunannen tumatir a kai, ta marmasa farin cuku mai ɗan tsami, ta barbaɗa wani ganye mai ƙanshi, sannan ta kwarara man da aka tatsa jiya, kore shar, mai ɗan yaji a maƙogwaro. Sunan abincin dakos. Ba wuta, ba nama, minti uku ta gama, amma har yau ban ci abin da ya fi shi daɗi a Turai ba. Za ka same shi a kowane gidan abinci. Ka nemi horta, dafaffen ganyen daji da mai da lemun tsami, wanda duk mai cin kwaɗon zogale ko rama zai gane shi nan take. Ka nemi kalitsuniya, ƙananan soyayyun fulawa da cuku ko ganye a ciki, da abin da suke kira fitar Sifakiya, wata siririyar waina mai cuku da ake zuba wa zuma. Zumarsu ta furen tsirran dutse ce, ƙanshinta daban. Akwai wake da kifi gasashshe, akwai kuma dodon koɗi soyayye wanda suke ji da shi ƙwarai, ga mai iya ci.

Inda za ka yi hattara wuri uku ne. Na farko alade: sunansa hirino, kuma naman giros da sublaki da ake sayarwa a bakin titi yawanci shi ne, haka ma apaki mai hayaƙi. Rago arni ne, akuya katsiki, kaza kotopulo, kifi psari. Na biyu yanka: ba yankan Musulunci ake yi ba a galibin wurare, don haka in kana cikin masu tsayawa a kan wannan, kifi da ganye da cuku sun ishe ka kwana goma ba tare da ka maimaita kwano ba. Kalmar da za ta taimake ka ita ce nistisimo, wato abincin azumin cocinsu wanda ba nama a ciki. Ka riƙa tambaya kuma ko an sa krasi, giyar inabi, domin sukan zuba ta a dahuwar nama. Na uku raki, wata farar barasa da ake kawowa kyauta bayan cin abinci tare da 'ya'yan itace, ko ba ka nema ba. A wurinsu karramawa ce, ƙin karɓa kai tsaye yakan yi musu zafi. Ka dafa ƙirji, ka yi murmushi, ka ce efharisto, wato na gode, ka ce addini ne ya hana. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba, sau da yawa ma sai a sake kawo maka shayin dutse da suke kira malotira.

Wannan karamcin suna da suna gare shi, filokseniya, son baƙo. Mu muna cewa baƙonka Annabinka, su ma tun zamanin da suke ganin wulaƙanta baƙo babban zunubi ne. Ka hau ƙauyukan dutse kamar Anogiya ko yankin Sifakiya ka gani. Dattawa zaune a gidan gahawa, baƙar riga, gashin baki, dogayen takalman fata, wasu da baƙin saƙaƙƙen ƙyalle mai tuntaye a goshi, suna jan wani abu kamar carbi wanda ba na ibada ba ne, na ɗebe kewa ne. Kayan kiɗansu lira, mai tsirkiya uku, ana dafa ta a gwiwa a goga kamar kukuma. Da ita ake rera mantinada, baiti mai layi biyu, kowane layi gaɓa 15, da amsa-amo, wanda mutum ke ƙirƙira nan take wani ya mayar masa. Bikin aure a can mutum dubu ba abin mamaki ba ne, a jera naman rago a tsaye kewaye da wuta ya gasu a hankali, a dafa shinkafa cikin romonsa. Ba zan ɓoye maka ɗaya fuskar ba: suna son bindiga, sukan harba sama a biki duk da doka ta hana, za ka ga allunan hanya da hudar harsashi, kuma gabar jini tsakanin dangi ba ta mutu gaba ɗaya ba. Wannan tsakaninsu ne, ba ya shafar baƙo.

Satumba da ka zaɓa lokaci ne mai kyau. Zafin Agusta da cunkosonsa sun ragu, ruwan teku yana da ɗumi, Samariya a buɗe take, inabi da ɓaure sun nuna. Daga Atina jirgin sama bai kai awa ɗaya ba zuwa Haniya ko Irakliyo, amma in kana son yara su ga abin da ba za su manta ba, ku hau jirgin ruwan dare daga Fireyas, tashar jiragen ruwan Atina, ku kama ɗaki, ku wayi gari duwatsun suna fitowa daga cikin teku. Motocin safa na KTEL suna haɗa manyan garuruwa cikin tsari, ƙauyuka kuwa sai da motar haya. Hannun dama ake bi kamar gida, ka dai kula da awaki a kan kwana. Fasfo ya kasance a jikinku kullum, domin 'yan shekarun nan jiragen 'yan gudun hijira daga Tubruk ta Libiya suna yawan sauka a kudancin tsibirin da ɗan tsibirin Gabdos, jami'ai kan duba takardu. Ku tafi da dardumarku, sallolinku a masauki za ku yi, alƙibla kuma kudu maso gabas take daga can.

Kafin ku taso, ku ratsa ƙauyen Bubes yamma da Haniya, ku ga itacen zaitun da masana suka ce ya haura shekara 2,000, gangar jikinsa ta murɗe ta yi kogo, kuma har yanzu yana 'ya'ya. Daga rassansa aka yi kambun da aka ɗora wa wasu zakarun wasannin Olimfik na 2004. A matatsar da ke kusa ka sayi mai na cikin gwangwani, ba na kwalba ba, ka haɗa da zuma da paksimadi, ka sa su a babbar jakar da za a auna, don ba za a bar ka ka shiga jirgi da man da zumar a hannu ba.